Filashin da ake kafawa gefe: wanne mai sauƙin kuɗi zai iya da bukin aure a Tawa?

Ɗan Bilbis Hoto:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'a, manya da ƙanana barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nike nema. Ina aiki da Canon 2000D da gilashin 18-55 nan Tawa, buki da suna nike ɗauka, kuma har yanzu ɗan filashin nan na kan aparai shi nike ɗagawa. Da rana ba laifi amma da dare fuskar amarya sai ta hito fau tana ƙyalli, bayanta baƙi ƙirin ga inuwa manne da bango, dangin ango ma ba a gane su in suna baya. Ina ganin hotunan wasu cikinku haske na shigowa ta gefe fuska ta hito da kyau, shi nike so in koya. Na tara jika 150 kuma bayan salla bukukuwa jere suke. An ce mini filashin Godox V1, na tambayi kuɗinta na ga ita kaɗai za ta cinye abin da ke hannuna. Mi ya kamata in saya?

Yantala Foto:
Wa alaikumussalam ƙanena. Tun kafin mu shiga maganar suna ko marka, ɗauko aparai ɗinka ka dubi wurin da ake zura filashi a sama. Akwai babban ɗigon ƙarfe a tsakiya ko ƙanana huɗu ne kawai a baya? Ka duba ka faɗa mana, don kuɗinka duka a nan suke rataye.

Ɗan Bilbis Hoto:
Na duba yaya, huɗu ne ƙanana, tsakiya ba komi

Yantala Foto:
To ka ga abin da na ji tsoro. Canon ta cire wannan ɗigon na tsakiya a 2000D da yawa da 4000D da 250D, shi kuwa shi ne ke ce wa kowane filashi na maniyel, wato wanda ake saitawa da hannu, tashi. Ma'ana in ka sayo Yongnuo YN560 ko Godox TT600 ka ɗora a kai ba zai tashi ba ko sau ɗaya, haka tsoffin tiriga, wato abin da ke tada filashi daga nesa, irin RF-603. Abin da zai yi maka aiki tiriga ce mai magana da aparai ta ƙananan ɗigon nan, wato Godox X2T-C ko XPro-C, ka lura da C ɗin ƙarshe, na Canon ke nan, na Nikon N ne na Sony S. Ita tiriga tana kan aparai, filashi yana can gefe kan ƙafarsa, suna magana ta rediyo 2.4GHz, a takarda sun ce har mita 100 amma kai mita 10 ma ya ishe ka a buki.

Shawarata kai tsaye TT600. Ba shi da TTL, wato tsarin da aparai ke auna hasken da kansa, hannu ake saita ƙarfinsa daga 1/1, cikakken ƙarfi ke nan, zuwa 1/128, pil huɗu AA yake ci, mai karɓar saƙon rediyo yana cikinsa ba sai ka sayi wani abu ka liƙa ba, kuma daga kan tiriga kake ƙara masa ƙarfi ko ragewa ba sai ka ratsa taron mata ka je gun sa ba. A shagunan intanet na waje kuɗinsa na yawo wajen dalar Amurka 65, kafin ya iso Yamai da kuɗin ɗauko da ribar mai kawowa ka san zai hau. Ƙarfinsa da na V1 ba su yi nisa da juna ba, abin da kake biya a V1 batir litiyom ne da TTL da zagayayyen kai, ba ƙarin haske mai yawa ba.

Ɗan Ƙonni:
Ni dai Yongnuo nike riƙe da ita kuma ba ta ba ni kunya ba. YN560 IV guda biyu da tirigarsu YN560-TX, kuɗin ya hi sauƙi kuma na hannu na samuwa sosai, daga Kano ake shigo da su ta Illela. Kowa yanzu Godox Godox sai ka ce sauran ba su haske

Yantala Foto:
Suna haske Ɗan Ƙonni, ba wanda ya ce ba su haske, lambar ƙarfin YN560 58 ce ta TT600 60, kusan abu guda. Amma dubi aparai ɗin yaron, ba ɗigon tsakiya, ka ga ya fita daga layinka. Na biyu YN560 ba ta da HSS ko kaɗan. Na uku kuma wanda ya fi damuna, rediyon Yongnuo da na Godox ba sa jin yaren juna, duk wanda ya fara da ɗaya ya ɗaure kansa. A Godox tirigar da ka saya yau ita za ta tada babban filashinsu AD200 ranar da Allah ya buɗa maka, har manyan fitilun studio. Wanda ya riga ya mallaki Yongnuo ya ci gaba da abinsa, amma mai farawa yau ban ga dalilin da zai bi can ba.

Ɗan Ƙonni:
Maganar ɗigon na yarda, ban lura da aparai nashi ba. Sauran kuwa kowa da aljihunai

Baba Mai Studio:
Salamu alaikum. Ɗana na Bilbis, na karanta abin da ka rubuta kuma na ji daɗi da kana so ka gyara aikinka. Mu da munka faro tun zamanin fim bari in hwaɗa maka abu guda, filashi ba shi ne ka kashe mutum cikin buki ba, pil ne da zahi. Ka sayi filashi mai kyau ka zuba mai pil ɗin tebur na rediyo, ka ɗauki hoto guda ka tsaya kana kallon ɗan jan hitila shina tunani, amarya ta riga ta wuce. Pil masu caji za ka nema, NiMH, irin Eneloop na Panasonic, hwarare wajen 1900mAh baƙaƙe na Pro 2500. An rubuta musu volt 1.2 na alkalin 1.5 sai mutum ya zaci sun hi rauni, alhali su anka hi so ga filashi don suna sakin wuta da sauri, filashi ya cika maza. Da irinsu TT600 na ba da wajen tashi 230 a cikakken ƙarhi, in ka rage ƙarhi kuwa sai ka wuni. Ka yi saiti biyu ga kowane filashi, wato takwas, ka sa ma kowane saiti alama da biro ko sikoc kada ka gauraya tsoho da sabo. Kuma ka yi hankali jabu sun yi yawa, in ka ga an rubuta 4000 ko 5000mAh jikin pil AA ka aje, ƙarya ce. Sharja ma ka nemi mai cajin kowane pil shi kaɗai, ba mai haɗa biyu biyu ba.

Sai zahi. Takardar filashin da kanta ta ce in ka buga 30 a jere a cikakken ƙarhi shina kare kainai, ya riƙa jinkiri sai ya huta wajen minti 10. To wagga magana an rubuta ta ne ga mutanen da ba su san watan Afrilu na Tawa ba, inda rana ka wuce digiri 40 kuma kai kana tsakar gida ba inuwa. Shi ya sa nike cewa biyu masu araha sun hi guda mai tsada. Biyu kowane a 1/4 ba su zahi da wuri, kuma in guda ya hwaɗi ya mutu kana da na ƙarasa aikin mutane. Bukin aure ba a maimaita shi don filashinka ya lalace.

Kuma kada wani ya ruɗe ka da tsoffin filashi na gwanjo irin Vivitar 283, munka yi aiki da su sosai a da, amma wasunsu na hiddo wuta sama da volt 200 ta ƙahwa, suna iya ƙone aparai ko tiriga na yanzu.

Ɗan Bilbis Hoto:
Na gode Baba Allah shi ƙara girma. Amma in na yi lissahi filashi biyu da tiriga sun kusa cinye jika 150 ɗin, ina kuɗin pil da ƙafa da lema?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri manya zan saɓa kaɗan, don ni aikina yawanci ɓangaren mata ne nan Yamai, ƙunshi da kamu da wankan amarya, inda namiji ba ya shiga. Duk wanda ya ce maniyel kawai ya isa bai tsaya cikin ɗaki ɗaya da mata talatin ba ana guɗa, amarya na nan yanzu ta koma can, ƙawaye na jan ta, uwar ango ta shigo a ce maza a ɗauka. Ina za ka kafa ƙafa a nan? Ina lokacin saita 1/16 ko 1/8? Ni TT685 na Godox mai TTL nake ɗorawa kan aparai in juya kansa sama ko bango, TTL ya yi mini lissafi, kuma shi ɗin dai zai iya tada wani filashin a gefe don yana da mai aikawa a cikinsa. Ƙanena in da ni ce kai, TT685 II na Canon ɗaya zan fara saya, in ɗora a kai yau in sauke gefe gobe. Ka dai gwada shi a kan aparai ɗinka a shagon kafin ka biya saboda maganar ɗigon nan.

Yantala Foto:
Maman Ikram maganarki gaskiya ce a ɗaki mai farin silin. Amma yawancin bukin da yaron nan zai ɗauka a waje ne, ƙarƙashin rumfa ko tsakar gida, sama ba komai sai taurari, ko kwano, ko rumfar nan mai ja da kore da in ka harba haske cikinta fuskar kowa ta dawo kalar rumfar. Kuma TTL ɗin ma ruɗewa yake da kayanmu. Ango da abokansa cikin farar shadda, aparai ya ga fari ya yi yawa ya rage haske, fuskoki su yi duhu. Amarya cikin baƙin leshi ko kore mai duhu, ya ƙara haske goshi ya ƙone. Hoto goma haske goma, ka zo gyara a kwamfuta ka kwana. A maniyel in nisan filashi da mutum bai sake ba hasken ba ya sakewa, ko shadda ce ko leshi.

Maman Ikram:
Ai akwai ragewa da ƙarawa a TTL ɗin, in na ga farar shadda +1 nake ba shi kuma shike nan. Ba na musun abin da ka ce na waje, amma kada a sa yaro ya ɗauka TTL kayan ragwaye ne, mu da shi muke cin abinci.

Yantala Foto:
A'a wallahi ban nufi haka ba ƴar uwa, ni ma ina da V860 kuma ina kunna TTL lokacin liƙi da rawa. Maganar kuɗin da ke hannunsa nake, TT685 ɗaya ya kusa kuɗin TT600 biyu kuma in zai sauke shi gefe dole dai sai ya sayi tiriga.

Mai Bidiyo Wadata:
Ni tambayata me ya sa sai filashi? ku sayi fitilar LED mai batir kawai, abin da ka gani shi za ka ɗauka ba lissafi, ga bidiyo ga hoto

Baba Mai Studio:
Ɗana mai bidiyo, LED na da wurinta, amma ka taɓa tsayawa gaban hitilarka minti biyar? Amarya da kwalliya ta sha zahi, ido na hawaye, ga ƙwari na damina sun taru kan hasken suna hwaɗa mata cikin mayahi. Kuma ƙarhinta bai kai ba. Filashi na zubo haskenai duka cikin ƙiftawa guda, shi ya sa shika tsai da mai rawa cak hannu bai yi hazo ba. LED ɗin da za ta yi maka haka sai ka ɗauko gurup.

Mai Bidiyo Wadata:
maganar ƙwari kam haka ne Baba 

Ɗan Bilbis Hoto:
To yaya Yantala in na samu TT600 ɗin yaya zan saita da dare? Kuma mi ne HSS da kuke ta faɗi

Yantala Foto:
Bari in ba ka inda za ka fara, sauran idonka ne zai gaya maka. Aparai a M, wato maniyel. Saurin ɗauka kada ya wuce 1/200, nan ne iyakar 2000D da filashi, in ka wuce za ka ga baƙin layi ya yanke hoton. Da dare ma ƙasa za ka yi, 1/60 ko 1/50, don fitilun gidan da na rumfa su shigo, bayan amarya ya daina zama baƙi ƙirin ɗin nan da ka ce. ISO 800, har 1600 aparai ɗinka zai ɗauka. Buɗin gilashi f/4 ko f/5.6. Ka fara ɗaukar hoto ɗaya filashi a kashe, ka ga baya ya fito daidai ɗan duhu duhu, sannan ka kunna filashi ka haska mutanen. Ka riƙe wannan, sauri na taɓa hasken wuri ne kawai ba ya taɓa na filashi, buɗi da ISO su ke taɓa duka biyun.

Filashin ka kafa shi gefenka na hagu ko dama, ba can gefen amarya sosai ba, tsakanin kai da gefenta, ya ɗara kanta tsawo kaɗan yana kallon ƙasa, nisa mita 2 zuwa 3, da farar lema. Ka fara da 1/8 ka duba. Alamar da za ka nema ƴar inuwar hanci ta sauka gefen leɓe kaɗan kuma ka ga ɗigon haske cikin idanu biyu. In ido ya yi rami filashi ya yi sama da yawa, in inuwa ta hau bango ya yi ƙasa ko mutanen sun manne da bango, ka jawo su gaba taku biyu.

Abin da mutane ke mantawa nisa. In ka ninka nisa haske ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Shi ya sa a hoton dangi in filashi na kusa, na layin gaba su ƙone na baya su yi duhu. Ja da shi baya mita 4 ko 5, ɗaga shi sama, ƙara ƙarfi zuwa 1/2, cire lemar ma in ya gaza, sai kowa ya samu kusan daidai. Lambar 60 da suke rubutawa a kwali kuma kada ta ruɗe ka, a ISO 100 ce da kan filashi a matse 200mm, ka raba ta da buɗi ka samu nisa, f/8 ke nan mita 7 da rabi, amma haske ne siriri, da ka buɗe shi ya rufe taro ko ka sa lema lambar ta faɗi sosai.

HSS kuwa shi ne filashi ya riƙa ƙyafƙyaftawa da sauri sosai don ka iya wuce 1/200 har 1/4000 a aparai ɗinka, a yi hoton rana da baya a narke. TT600 na yi in yana gefe da X2T. Amma yana cin ƙarfi ƙwarai kuma yana sa zafi da wuri, ga masu Nikon D3000 da D5000 da ƴan uwansu ma aparai ɗin ba ya yi sam. Ba shi ne abin da za ka fara damuwa da shi ba.

Ɗan Ƙonni:
Nan ne nike son a hwaɗa ma yaro gaskiya. Ɗaurin aure da sahe ne, kahin a gama gaisawa a hito hoto rana ta take, ƙarhe 11 ko 12. A wannan rana ISO 100 da 1/200 sai ka rufe f/11, kuma ƙaramin filashi cikin lema a f/11 sai ka manna shi jikin ango kahin a ga aikinai. Wagga rana AD200 ce maganinta, 200Ws, kusan ƙananan ukku ke nan

Yantala Foto:
Haka ne, AD200 ɗin ita ce burin kowa, batir ɗinta na kai wajen tashi 500 a cikakken ƙarfi, amma ita kaɗai ta fi jika 150 ɗin da ake magana. Kafin ya kai can akwai dabara, kada ya yi faɗa da rana. Ya kai ango da abokai inuwar bedi ko ta zaure ko jikin bango, ko ya juya su rana na bayansu, ya cire lema ya harba tsirara daga mita 2 ko 3 a 1/2, ya cike inuwar da hula ke jefawa a ido. Wannan TT600 ɗaya na yi.

Maman Ikram:
Tunda an zo kan fuska bari in ƙara abin da na gani a aiki. Fatarmu ba ƙarin ƙarfi take so ba, faɗin haske take so. In ka harba ƙaramin haske kai tsaye kan amaryar da ta sha hoda da zufa, goshi da hanci da kumatu su yi ta walƙiya, sai ka rage kuma sauran fuskar ta nutse. Lema babba a kusa ita ke shimfiɗa ƙyallin ya zama sheƙi mai kyau. Kuma ka riƙa yawo da tishu, ka ba babbar ƙawa ta ɗan danna mata goshi kafin hoto, kada kai ka taɓa. Hoton ƙunshi kuma ga yadda nake yi, ta ɗora hannuwa kan cinyarta bisa zanen, filashi ƙasa ƙasa daga gefe a 1/64, sai ka ga zanen lallen ya fito layi layi har zoben da awarwaro, duwatsun leshi na ɗan ƙyalli ba su fashe ba. Iyaye mata wannan hoton suke fara nema kafin na fuska ma.

Ɗan Bilbis Hoto:
Kai Anti na gode, wannan na ƙunshi ban taɓa tunaninsa ba

Baba Mai Studio:
Maganar lema ku ƙara mai da iska. Lokacin hunturu ko hadarin damina lema kan ƙahwa jirgin iska ce, ka juya baya ka ji tim, ƙahwar filashi ta roba ta karye. Ga rairayi ƙahwa ba ta zama, ga yara na gudu tsakanin kujeru. Ka cika ɗan buhu da ƙasa ka rataya gindin, ko bidon na ruwa. Amma abin da ya hi duka yaro. Ka samu ƙanenka ko almajirin sana'a ka ɗaura filashi kan sanda ya riƙe, ka koya mai abu guda, duk inda amarya ta juya ya tsaya gehenka da haske sama da kai. Daren kai amarya haka nike yi, lungu ba wuta, motoci na hon mata na guɗa an rufe ta da mayahi, yaro na tahiya gehen hagu da sanda ni ina ja da baya, filashi a 1/16, hitilun motoci na baya su ba da nasu. Ba ƙahwar da za ta bi ka cikin wanga lungu. Ka ba yaron haƙƙinai kuma, aiki ne ya yi.

Wurin ɗaurin aure kuma ka kiyaye, kada ka kai sanda ko lema tsakiyar malamai ana fatiha kana walƙa ma dattawa ido. Ka tsaya nesa ka ɗauka da hasken Allah, in an shafa sannan ka kunna.

Lazare Pixels:
sannunku, ni wata matsala gare ni kusa da wannan. ranar asabar a wata sal filashina na ta tashi shi kaɗai ban taɓa komai ba har pil ya ƙare, lalacewa ya yi?

Yantala Foto:
Duba ko yana kan S1 ko S2, a nan ido yake amfani da shi, duk filashin da ya walƙa a wurin sai ya bi. In kuma a rediyo yake to wani mai hoton ne ke kan canal ɗaya da kai, dangin ango sun kawo nasu na amarya sun kawo nasu kowa ya bar shi a 1 yadda ya fito daga kwali. Canal 32 ne, ka zaɓi wani can sama ka sa tiriga da filashi duka a kai, kuma da ka iso ka tambayi ɗan uwanka na nawa yake.

Lazare Pixels:
a 1 yake kuwa, na gode

Maman Ikram:
Ni abin da ya sa har yanzu nake jan mutane zuwa litiyom in da hali, kuran. In aka ɗauke wuta daren jajibirin buki kana da pil goma sha shida da za ka caja huɗu huɗu, ka shiga uku. V860 III batir ɗaya ne, wajen tashi 480 a cikakken ƙarfi kuma cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ya cika.

Baba Mai Studio:
Gaskiya ne ɗiyata, amma ki duba ta wani gehen. Ranar da batir litiyom ya kumbura ko sharja tai ta ƙone a Tawa, sai an aiko daga Yamai ko waje. In kana buki ƙauye wajen Bambai ko Kalhu pil ya ƙare, mai tebur na da alkalin, ko ba daɗi za ka ƙarasa. Kuma Eneloop na riƙe caji watanni, ba sai daren buki za ka caja ba, ka caja tun ran da kuran ke akwai ka aje. Kada dai a bar su cikin but ɗin moto a rana, ko pil ko litiyom zahi na kashe su.

Ɗan Bilbis Hoto:
To ga abin da na tsayar ku gyara mini. X2T-C ɗaya, TT600 ɗaya yanzu, ƙafa ɗaya da maƙalin lema da farar lema, Eneloop takwas da sharja. Abin da ya rage in aje, in na yi buki biyu ko ukku in ƙara TT600 na biyu. Ƙanena zai riƙa riƙe mini sanda. Anti TT685 ɗin na sa shi a rai in na fara samun aikin cikin ɗaki

Yantala Foto:
Ya yi. Maƙalin ka nemi S2 na Godox in kuɗin sun kai, yana kama filashin ta jiki ne ba ta ƙafar roba ba, kuma gaba zai karɓi sofbos, akwatin nan mai tausasa haske, har AD200. Ka ce wa mai kawowa ya kunna ya gwada tiriga da filashin tare ya turo maka bidiyo kafin ya sa a mota. Na biyun kada ka ja shi da nisa, maganar Baba ce, filashi ɗaya a buki kasada ne, kafin nan ɗan na kan aparai shi ne madadinka. In na biyun ya zo ka sa shi rukunin B na tiriga, ka kafa shi a bayan amarya can gefe a 1/32 ba lema, ya zana gefen ɗankwali da kafaɗa ya raba ta da duhu.

Baba Mai Studio:
Ƙahwa kada ka saya tukuna ɗana, ina da guda da ba ni aiki da ita, makullin tsakiya ne ya saki amma waya na riƙe shi. Kuɗin ka ƙara kan na filashi na biyu. In kayan sun iso ka zo studio bayan la'asar da ƙanen naka mu gwada kan farar shadda da baƙin zane ka ga bambancin da idonka, ka taho da katin memori wanda ba komi ciki.

Ɗan Bilbis Hoto:
Allah shi saka da alheri Baba, in sha Allah za mu zo. Yaya Yantala zan turo maka hoton kwalin tirigar ta inbos kafin in biya ka duba mini C ɗin

Yantala Foto:
Turo, ka ɗauko har ƙasan tirigar inda ɗigon suke don wani lokaci kwali daban abin ciki daban.